Haddar A, B, C Ba Ita Ce Iya Karatu Ba

Iyaye da yawa a Zariya sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar yaro ya rera haruffa daga farko zuwa ƙarshe, ya kama hanyar karatu. Ba haka ba ne. Sunan harafi daban, sautinsa daban, kuma sautin ne yaro ke haɗawa ya fitar da kalma. A makarantun firamare na gwamnati, inda ɗalibai ke cika aji maƙil, malami yakan karanta abin da ke kan allo yara su amsa baki ɗaya, sai a zaci sun iya, alhali bin baki kawai suke yi. Rubutun Hausa kuwa yana tafiya daidai da furuci, shi ya sa yaron da aka koya wa haɗa baƙi da wasali, "ba" da "ki" su zama "baki", yakan karanta kalmar da bai taɓa gani ba.