Na'urar hayaƙi ta haɗin hannu don gano yoyon injin mota

Na'urar hayaƙi ta haɗin hannu kayan aiki ce da makanikai da masu gyaran motarsu da kansu ke harhaɗawa da gwangwani, lagwani, waya mai ɗaukar zafi da ɗan mai, don gano inda iska ko tururin fetur ke sulalewa a jikin inji. Yoyon baƙin mai ko na ruwan lagireto yakan bar ɗigo a ƙasa, amma na iska ba ya barin shaida. Aikin na'urar shi ne ta cika hanyoyin iskar da farin hayaƙi alhali inji na kashe, sai a zuba ido a ga ta inda zai ɓullo. Tana cikin jerin kayan gwajin yoyo da ake iya haɗawa a gida.

Asali da tarihi

Ba a garejin mota dabarar ta samo asali ba. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu aikin famfo a Ingila ke tura hayaƙi cikin bututan magudanar gidaje don su gano inda wari ke fita. Makanikan farko ba su damu da ita sosai ba, domin injin kafireta yana da haƙuri: idan iska ta yi masa yawa, sai a murɗa sukurun mai kaɗan, ya daidaita. Wanda ya nace sai ya gano hujin yakan kafa guntun tiyo a kunne yana bin jikin inji da ɗaya bakin, yana sauraron huci, ko kuma ya fesa ɗan fetur a wurin da yake zargi yayin da inji ke silo. In sautin ya sauya, to nan ne. Wannan hanya ta biyu tana aiki, sai dai fetur ne ake fesawa kusa da salansa mai zafi da wayoyin fulogi, kuma har yau ana yin ta.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dokokin hana gurɓata iska a Amurka. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hazon da ya addabi birnin Los Angeles yana samuwa ne idan hasken rana ya haɗu da tururin mai da hayaƙin salansa. Daga nan aka shiga toshe duk wata ƙofa da mota ke fitar da tururi. A farkon shekarun 1960 aka fara mayar da tururin da ke taruwa a cikin inji zuwa manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindodi, ta wani bawul da ake kira PCV, maimakon a bar shi ya fita sarari. A 1970 jihar Kalifoniya ta wajabta tsarin da ake kira EVAP, wato gwangwanin gawayi da tiyoyin da ke kama tururin tankin mai su kai shi inji ya ƙone, kuma a 1971 dokar ta game ƙasar baki ɗaya. Kowane sabon tsari ya zo da nasa tiyoyin roba, roba kuwa tana bushewa ta tsage.

Mataki mafi girma ya zo a 1996, lokacin da aka wajabta tsarin OBD-II, wanda kwamfutar mota ke sa ido da shi kan lafiyar inji, ga motocin da ake sayarwa a Amurka. Aka ɗora wa kwamfutar mota nauyin gwada tsarin EVAP da kanta, ta kunna fitilar gargaɗi idan ta ga huji mai faɗin inci 0.040, kimanin milimita 1. Daga wajen shekarar 2000 aka matse ma'aunin zuwa inci 0.020. Kwamfutar kan faɗi cewa akwai yoyo, amma ba ta faɗin inda yake, kuma huji irin wannan, a cikin tiyo mai tsawon mitoci da ya bi ta ƙarƙashin mota, ba kunnen da zai ji shi. A cikin shekarun 1990 ne na'urorin hayaƙi na kamfani suka fara yawaita a garejoji. Tsadarsu ta sa masu ƙaramin ƙarfi suka leƙa cikinsu, suka tarar ba wani abin a zo a gani ba ne: mai, zafi da iska. Kafin haka ma wasu kan busa hayaƙin sigari ta tiyo da baki, dabarar da ke kama babbar tsaga amma numfashi ke ƙarewa kafin a kai ga ƙarama.

Wayar da ke ba da zafin ta girmi duk waɗannan dokoki da na'urorin gareji. Albert Marsh ya yi rajistar wayar nikurom a Amurka a 1906, ita kuma wayar Kanthal daga Suwidin ta fito, inda Hans von Kantzow ya kafa kamfaninta a 1931. Su ne dai wayoyin da ke cikin hita da rishon lantarki.

Abin da yoyon iska ke jawowa

Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kwamfuta tana auna iskar da ta shigo ta ƙofa, ta ba da mai daidai da ita. Iskar da ta kutso ta tsagaggen tiyo ko gaskit ɗin manifol ba a auna ta ba, don haka mai yakan yi kaɗan. Alamomin su ne silo mai rawa ko mai hawa, mutuwar inji a danja, da lambobin kuskure P0171 da P0174 da kwamfuta ke nunawa. Yoyon EVAP shi kuma yakan fito da P0455 in babba ne, P0442 in ƙarami ne, P0456 in ɗan mitsitsi ne, kuma sau da yawa murfin tankin mai ne kawai bai kama ba.

Yadda ake haɗa ta

Jikin na'urar yawanci sabon gwangwanin fenti ne na ƙarfe da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ko wani mazubin ƙarfe mai murfi da ke rufuwa gam. Ana huda shi wuri huɗu: biyu don noti masu ɗauke da wuta, ɗaya don shigar iska, ɗaya don fitar hayaƙi. Notin biyu dole a raba su da jikin gwangwanin da zoben roba ko wani abin da wuta ba ta bi, in ba haka ba wutar za ta bi gwangwanin ta bar wayar. Tsakanin notin ake ɗaura wayar nikurom ko Kanthal, a naɗe ta a jikin lagwani na zaren gilashi, irin wanda ba ya cinyewa. Gindin lagwanin yana nutse cikin man jarirai ko wani farin mai na ma'adini da aka zuba a ƙasan gwangwanin, kaurin yatsa ɗaya ko biyu.

Lissafin wutar mai sauƙi ne. Waya mai ohm 2 a kan batir mai volt 12 za ta ja amfiya 6, ta ba da zafin wat 72, wanda ya isa. Idan wayar ta gajarce, wuta ta yi yawa, sai ta yi jajir ta lalata lagwanin. Idan ta yi tsawo, hayaƙin ya fito siriri kamar na turaren tsinke. Ana sa fiyus da makunni a layin. Abin da ke fitowa ma ba hayaƙin ƙuna ba ne, mai ne da ya zama tururi ya sake daskarewa ƙanana-ƙanana a cikin iska. Shi ya sa fari ne, kuma in ya fara yin baƙi ko ƙauri, zafi ya wuce kima. Wasu kan sa hitar injin dizal ko ƙarfen soda a madadin wayar.

Ɓangaren da ya fi muhimmanci ba mai ban sha'awa ba ne, kuma shi masu gaggawa suka fi tsallakewa: mai rage ƙarfin iska. Kwamfiresa kan tara psi 100 ko fiye (psi ma'aunin matsin iska ne), alhali tsarin EVAP bai kamata ya ga abin da ya kai psi 1 ba. Na'urorin kamfani suna aiki ne a wajen rabin psi. Don haka masu haɗin hannu kan ari kan tukunyar gas mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke fitar da kimanin psi 0.4, su sa shi tsakanin kwamfiresa da gwangwani. Wanda ya haɗa kai tsaye, ko murfin ya tashi da mai mai zafi, ko ya fasa wani sil a motar, ya zo neman yoyo ɗaya ya koma da biyu. Wanda ba shi da kwamfiresa yana iya amfani da famfon keke ko ɗan famfon tankin kifi.

Yadda ake gwaji

Inji a kashe, kuma ya huce. Ana toshe bakin babban tiyon iska, galibi da safar hannu ta roba da aka ɗaure da kilif, sannan a cire tiyon da ke zuwa bustar birki a tura hayaƙi ta nan. Safar takan kumbura, yatsunta su miƙe, alamar cewa manifol ya cika. Daga nan sai a ɗauki tocila a bi a hankali, domin a wuri mai duhu kuma marar iska ne ake ganin siririn zaren hayaƙi yana tasowa daga ƙarƙashin kilif ko gefen injekta. A gwajin EVAP sai an rufe bawul ɗin shan iska na gwangwanin gawayi, wanda a buɗe yake zama. Wasu sassan, kamar sandar totur, sukan ɗan fitar da hayaƙi ko da lafiyarsu ƙalau.

Sauran kayan gwajin yoyo

Na silinda yana buƙatar geji biyu, mai daidaita iska, da mahaɗi mai ɗan huji na inci 0.040 a tsakaninsu. Ana kai fistin ƙololuwa da bawul duka a rufe, a tura iska ta ramin fulogi, a kwatanta gejin biyu. Asarar da ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba ana ɗaukar ta lafiya, wadda ta haura 20 kuwa abin bincike ce. Kunne ke ƙarasa aikin: huci a salansa na nuna bawul ɗin fitar hayaƙi, a totur bawul ɗin shiga, a ramin zuba baƙin mai ringi, kumfa a lagireto kuma gaskit ɗin tof.

Na lagireto tsohon murfi ne da aka dasa wa bawul ɗin taya, irin wanda George Schrader ya yi wa rajista a Amurka a 1893, a busa da famfon keke. Ba a wuce lambar da ke jikin murfin, yawanci psi 13 zuwa 16, kuma ba a buɗe lagireto da zafi. Na injin turbo ma haka yake, sai dai murfin bututun roba ake dasa wa bawul ɗin, a bi mahaɗai da ruwan sabulu.

Yoyon baƙin mai ana gano shi da hoda a kan wankakken inji, ko da rini mai haske a ƙarƙashin fitilar UV.

Saɓani

An yi saɓani kan tura iskar kwamfiresa cikin tsarin EVAP. Wasu kamfanonin mota sun ce a yi amfani da naitirojin, domin iska da tururin fetur da waya mai zafi haɗi ne mai iya kamawa da wuta. Wasu makanikai na ganin ƙarfin ya yi ƙanƙanta da zai jawo haɗari. Akwai kuma masu cewa tururin man na iya ɓata na'urar auna iska ko gawayin EVAP idan aka daɗe ana turawa, shi ya sa wasu kan cire na'urar kafin gwaji.