Waiwaye: Yadda aka fara bin sawun kansar hanta a cikin jini

Kansar hanta cuta ce mai ɓoye kanta. Sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, mutum ya rame, sannan 'yan uwa su kwaso shi daga Agege ko Mile 12 zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, galibi bayan an gaji da jiƙe-jiƙen maganin shawara. A lokacin aikin gama ya riga ya gama. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman wata alama da ƙarin kansar ke zubarwa cikin jini tun yana ɗan mitsitsi.

A 1956 wasu masu bincike biyu a Suwidin suka ga wani furotin a jinin ɗan tayi wanda kusan babu shi a jinin babba. Shi ne AFP. Hantar jariri na yin sa tun yana ciki, bayan haihuwa sai ya ja baya. A 1963 Garri Abelev a Mosko ya lura cewa ɓerayen da ƙari ya fito wa a hanta sun koma yin wannan furotin, shekara guda bayan haka Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane masu cutar. Daga nan gwajin ya bazu a duniya, kuma shi ne har gobe likitocin Legas ke fara rubutawa.

Sai dai AFP shaida ne mai rauni. Yakan hau a jinin mai juna biyu, yakan hau idan ciwon hanta ya motsa ko da babu kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akasin haka: da yawa daga masu ƙarin, musamman tun yana ƙarami, sakamakonsu na fitowa lafiya lau. Mutum ya riƙe takarda ya koma gida da murna. Wannan gibi ne ya sa aka ci gaba da nema. A 1984 aka bayyana DCP, wani gurɓataccen nau'in furotin ɗin daskarar da jini, a matsayin wata alamar kansar hanta. Aka kuma ware wani reshe na AFP da ake kira L3, sannan a 2014 aka haɗa AFP da DCP da L3 da shekaru da jinsin majiyyaci a lissafi ɗaya mai suna GALAD.

Ɓangaren da ya fi shafar mu ya biyo ta hanyar abinci ne. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna, daga nan aka gano gubar aflatoksin. A 1991 aka nuna cewa a yankunan Sin da kudancin Afirka inda gubar ta yi yawa, kansar hanta na zuwa da wani tabo na musamman a ƙwayar gado ta TP53, a gurbi na 249. A 2000 bincike a Gambiya ya tsinci wannan tabo a ɓurɓushin DNA, wato sinadarin ƙwayoyin gado, da ke yawo cikin jini, ba tare da an tsaga hantar kowa ba. Duk wanda ya san yadda buhunan masara da gyaɗa ke saukowa daga Arewa su kwana cikin laimar Legas zai fahimci dalilin da ya sa na tsaya a nan. Gubar kuma ta fi ɓarna idan ta tarar da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64.

A ganina matsalarmu ba ta rashin sabuwar alama ba ce. Tsohon gwajin ma ba ya zuwa a kan kari. Ƙa'idar likitoci ga wanda hantarsa ta ƙandare, da masu ɗauke da nau'in B da ke cikin haɗari, ita ce sikanin hanta da gwajin AFP duk wata shida tun suna jin garau. Amma sai mutum ya san yana ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B kafin ya shiga wannan layi, kuma allurar rigakafinta ba ta shiga jadawalin jarirai a Najeriya ba sai 2004. Magidantan da ke dako da fatauci a Mile 12 da Alaba Rago akasarinsu an haife su kafin wannan shekara.