Kafin ki kwanta a gadon haihuwa, tambayi ruwa

Na daɗe ina karɓar haihuwa a wata ƙaramar cibiyar lafiya a nan Zariya, kuma kullum na shigo aiki, tankin ruwa nake fara leƙawa kafin in buɗe akwatin magani.

Wani dare cikin bazara aka kawo min yarinya, haihuwar fari. Injin burtsatsenmu ya ƙone, famfo ya kwana uku babu ko ɗigo. Mijinta ya fita neman 'yan ga-ruwa da ƙarfe biyun dare. Ina zai gan su? Jarka ɗaya ya roƙo a maƙwabta. Da ita na wanke hannu, da ita aka goge gado, ragowar aka zuba wa jinin da ke ƙasa. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma har ranar suna hankalina bai kwanta ba, ina ta aikawa a ji ko jikinta ya yi zafi.

Ga dalilin tsorona. Bayan mabiyiya ta faɗo, cikin mahaifa ɗanyen rauni ne, haka ma cibiyar jariri. Hannun da bai ga sabulu ba, ko almakashin da ba a dafa ba, shi ke kai ƙwayar cuta wajen. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, ciwon mara, jini mai wari, ko jariri ya ƙi kama nono. A gida sai a ce iska ce ko maita, alhali daga hannu abin ya shiga. Tun 1847 wani likita mai suna Semmelweis a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda, mace-macen masu jego ya ragu ƙwarai. Duk da haka, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya a duniya ba su da cikakken wurin tsabtace hannu a inda ake duba marasa lafiya da kuma bakin ban ɗaki.

Mu ma'aikata muna da namu laifin. Safar hannu ba ta ɗauke wa kowa wanke hannu. Da ruwa da sabulu sakan 40 zuwa 60 ake so, da man goge hannu mai sinadari 20 zuwa 30. Hajiya, in kin ga zan taɓa ki ban wanke ba, ki ce min, "Malama, ba ki wanke hannu ba." Wallahi ba zan ji haushi ba.

Masu jinya da 'yan dubiya, buta kaɗai ba ta isa ba. Ku riƙa zuwa da sabulunku. A daina cusa tsumma, auduga da leda cikin masai, don su ne ke toshe shi, daga nan sai mutane su koma bayan katanga, damina ta zo ta kwashe ƙazantar zuwa rijiyoyi. Mun ga yadda amai da gudawa ya yi da mu a 2021, mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu a faɗin ƙasar nan.

Iyayenmu masu unguwanni da limamai, daga Kwarbai zuwa Tudun Wada da Samaru, ku nake roƙo. Mutanenmu ba sa ƙyashin haƙa burtsatse don sadaka mai gudana, sai dai in ya lalace ba mai waiwayarsa, kuma sau da yawa abin da ya tsaya ɗan kan famfo ne ko bututun da ya fashe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake tura wa ƙananan cibiyoyi kuɗin gudanarwa, kwamitin ci gaban mazaɓa kuma yana da bakin magana kan yadda ake kashe shi. A zaman kwamiti na gaba, ku nemi a ware kuɗin gyaran famfo da sayen sabulu, a rubuta sunan mai gyara da lambarsa a bango. Kafin ku tashi, ɗaya daga cikinku ya nemi izini ya shiga ɗakin haihuwa ya murɗa famfon da hannunsa.