Ɗaukar hoton agwagin daji a tafki

Ɗaukar hoton agwagin daji wani reshe ne na hoton tsuntsaye, kuma wahalarsa ɗaya ce tak: tsuntsun ba ya yarda a matso shi. Idanun agwagwa suna gefen kanta ne, saboda haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya wuya ba. Agwagin da suka saba da mutane a wuraren shaƙatawa sukan bari a zo dab da su. Waɗanda ake farauta kuwa, ko masu ƙaura daga nesa, da sun hango mutum a tsaye sai su tashi tun yana can nesa. Shi ya sa gwanintar wannan aiki ta fi rataya ga sanin halin tsuntsun fiye da tsadar kyamara.

Kayan aiki da saiti

Ana amfani da dogon gilashin kyamara (lens) mai milimita 400 zuwa 600, wato mai jawo abu na nesa kusa. Lissafin a fili yake: agwagwa mai tsawon santimita 55, a gilashi mai milimita 500 da kyamara mai cikakken firam (wadda faɗin sashenta mai karɓar hoto ya kai milimita 36), za ta cika rabin faɗin hoto in tana nisan mita 15. In ta kai mita 30 kuwa, kwata kawai za ta cika, sai an yanke hoton sosai, yankan nan kuma yana cinye ƙananan zanen gashin.

Ga agwagwar da ke iyo a natse, saurin ƙiftawar kyamara na 1/1000 na daƙiƙa ya wadatar. In tana kaɗa fiffike ko tana tashi, ana buƙatar 1/2000 zuwa 1/3200. Ƙofar haske ta tsaya tsakanin f/5.6 da f/8. A bar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau yadda hasken ya buƙata, domin ana iya rage tsakin da yake kawowa (ɗige-ɗige a hoto) a kwamfuta, amma hoton da ya motsa ba shi da magani. A sa fokas mai bin abin da ke motsi, a ɗora shi kan ido, a kuma adana hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba.

Kusantar tsuntsun

Ba a bin agwagwa, jiran ta ake yi. Mai ɗauka ya isa bakin tafki kafin gari ya waye, ya zauna ko ya kwanta rub da ciki a bayan ciyawa ko cikin ƙaramar maɓoya, da tufafi marasa ɗaukar ido, rana tana bayansa. Ko da garken ya watse da isowarsa, yakan dawo in ya ga ba motsi. Motsin hannu da sauri da ɗaga gilashi farat ɗaya su ne suka fi korar su.

Tsayin kyamara shi ne abin da ya fi raba kyakkyawan hoto da na gama-gari. Wanda ya ɗauka a tsaye, bayan agwagwa da ruwa kawai zai samu. In aka sauke kyamarar kusa da fuskar ruwa, a kan jakar yashi, sai idon tsuntsun ya zo daidai da gilashi, abin da ke bayansa ya yi nisa ya narke, shi kuma ya fito sarai.

Agwagwa tana nuna abin da za ta yi kafin ta yi shi. In ta riƙa tsoma kai tana watsa ruwa a jiki, ba da jimawa ba za ta miƙe ta kaɗa fiffike, sai a shirya. In ta miƙe wuya ta daina kiwo tana kaɗa kai, ta tsorata ke nan, tashi ya kusa. Masu kiwo a saman ruwa suna zabura sama kai tsaye, masu nutso kuwa sai sun yi gudu a kan ruwa tukuna, kuma dukansu suna fuskantar iska yayin tashi. Korar su da gangan don a samu hoton tashi mugun aiki ne, musamman ga mai kwanci a sheƙa, da lokacin sauya gashi, inda sukan yi mako 3 zuwa 4 ba sa iya tashi.

Tantance hoton

Ana fara dubawa ne daga ido, a buɗe hoton kashi 100 cikin 100. In idon ya dushe amma igiyar ruwan da ke gaban tsuntsun ta fito tsaf, fokas ne ya kama ruwa. In babu inda ya fito tsaf a duk hoton, hannu ne ya girgiza ko saurin ƙiftawa ya yi kaɗan. In an ɗauka daga nesa da tsakar rana, sau da yawa tururin zafi ne, wanda ba saitin da ke gyara shi. Ɗigon haske a ƙwayar ido yana raya fuskar, kuma an fi son kan ya ɗan karkato wajen kyamara.

Sai haske. Ruwa mai duhu yana ruɗin kyamara ta ƙara haske, farin gashi ya ƙone ya zama fili ba zane, kamar farar fuskar agwagwar dajin nan kirinjijiya. Maganinsa a rage hasken da sulusin mataki zuwa mataki ɗaya (rage mataki ɗaya shi ne rage rabin hasken) tun wajen ɗauka. Ruwa mai ƙyalli kuma akasin haka yake yi, tsuntsun ya fito baƙi. Sheƙin kore da shuɗi na kai da fiffike ya dogara ne ga kusurwar da haske ya faɗo, shi ya sa kan namijin wasu agwagi yakan fito kore a wani hoto, a na gaba ya yi duhu.

Daga nan a duba tsari: ruwan bai karkace ba, an bar fili a gaban tsuntsun ta inda ya dosa, ba a datse bakin fiffike ko inuwarsa ta cikin ruwa ba, ba kara da ya gitta fuska. Wajen gyara, kaifafa hoto fiye da kima yana barin farin layi a gefen jiki, rage tsaki da yawa kuma yana shafe gashi ya koma kamar roba.