Allurar jarirai uku ba ta isa har abada

A gidajen Katsina kakan ji uwa ta ce, "Ai an gama masa rigakafi tun yana goye." Katin ma yana ƙasan akwati, ya yi ja. Gaskiya ne allurar Penta, wato rigakafin cututtuka biyar a haɗe da ake yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, tana kare yaro daga mashaƙo da titanus. Amma ƙarfinta yana raguwa da girma. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara rigakafin mashaƙo da titanus sau uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, shekara 4 zuwa 7, sai 9 zuwa 15.

Mashaƙon da ya ɓarke a Najeriya tun ƙarshen 2022 bai bar 'yan makaranta ba. Yaron da ke yawo ba takalmi kuwa, ƙusa ɗaya ta ishe shi kamuwa da titanus. Iyaye, ku ciro katin nan, ku tambaya a asibiti.