Adireshin IP aro ne, ba gado ba: abin da ƙa'idar DHCP ta tanada

Duk lokacin da waya ko kwamfuta ta hau Wi-Fi, rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a wurin, ita ce ke ba ta adireshin IP, lambar da sauran na'urori ke gane ta da ita, kuma ba da ka take rabon ba. Akwai rubutacciyar ƙa'ida mai suna DHCP, wadda ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fara fitarwa a 1993, ta sake tace ta a watan Maris na 1997 cikin takarda mai lamba RFC 2131. Babu kotun da ke hukunta wanda ya saɓa mata. Hukuncinsa kawai na'urarsa ta kasa magana da sauran.

Rabon kansa saƙo huɗu ne. Sabuwar na'ura ta yi shela tana neman mai ba da adireshi, rauta ta yi mata tayi, na'urar ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar. A cikin amsar ake haɗo mata da adireshin ƙofar fita zuwa intanet da na DNS, wato sabar da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP, da kuma abin da mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato wa'adi.

Ga yadda wa'adin yake aiki. A ce an sa awa 24. Idan aka cinye rabi, awa 12 ke nan, na'urar za ta tuntuɓi rautar da ta ba ta aron, ta nemi ƙari. In ta ji shiru, za ta ci gaba da gwadawa har a cinye kashi 7 cikin 8 na wa'adin, wato awa 21. Daga nan sai ta koma yin shela ga duk wata rauta da za ta saurare ta. Awa 24 na cika babu amsa, wajibi ne ta saki adireshin nan take, ta faro nema daga tushe. Sai dai ƙa'idar ba ta tilasta wa na'ura ta yi sallama idan za ta tafi ba, shi ya sa wayar da ta bar wurin tun da safe take ci gaba da riƙe gurbinta har wa'adi ya ƙare.

Wannan ne ya kamata ya yi maka jagora wajen saiti. Idan ka ware daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.199, gurbi 100 gare ka. A wurin da baƙi ke shiga da fita, wa'adin mako guda zai ƙarar da su, sabbin zuwa su ga Wi-Fi amma su kasa hawa. A ganina awa ɗaya ko biyu ta wadatar a irin wannan wuri. Inda na'urorin ba sa canzawa kuwa, dogon wa'adi ba shi da illa.

Firinta da kyamarar tsaro sun fi son adireshin da ba ya motsi. Kuskure ne a rubuta musu shi da hannu daga cikin zangon da rauta ke rabawa. Ƙa'idar ta ce ya kamata a bincika ko wani na amfani da adireshi kafin a ɗauka, amma shawara ce mai ƙarfi, ba tilas ba, kuma firintar da ke kashe ba za ta amsa ba. Ko dai a ba ta lamba daga wajen zangon, ko a keɓe mata a cikin rauta ta hanyar lambarta ta MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta. Ga wayoyi sai an lura, domin tun daga Android 10 da iOS 14 suna nuna wa Wi-Fi lambar MAC ta wucin gadi a maimakon ta asali.

Na'ura na da 'yancin karɓar duk tayin da ta ga dama, kuma galibi na farkon isowa take ɗauka. Saboda haka idan ka jona rauta ta biyu don faɗaɗa Wi-Fi, ka kashe mata DHCP, in ba haka ba wasu na'urorin za su karɓi ƙofar fita da ba ta kaiwa ko'ina. Idan kuma ka ga adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, babu wanda ya amsa shelarta, ita ta raɗa wa kanta. Sai ka duba ko DHCP a kunne yake, ko kuma gurabe ne suka ƙare.