Shahon kifi

Shahon kifi tsuntsu ne mai farauta wanda kusan ba ya cin komai sai kifi. A littattafan kimiyya sunansa Pandion haliaetus, kuma masanin halittu Linnaeus ne ya fara bayyana shi a 1758. A ƙasar Zazzau baƙo ne ɗan cin rani, ba ya sheƙa a nan.

Kamanni da farauta

Bayansa baƙi-baƙi ne, cikinsa fari, da baƙin zane da ya ratsa ido kamar ya sa kwalli. Idan ya buɗe fukafukai sukan wuce mita ɗaya da rabi. Mai kallo daga nesa kan ɗauke shi shirwa, amma wutsiyar shirwa a rabe take, cikinta kuma ba fari ba.

Yakan yi shawagi bisa ruwa, ya ɗan tsaya cak yana kaɗa fukafukai, sannan ya sulmiyo ƙafafu a gaba, wani lokaci har ya nutse. Ƙofofin hancinsa na rufewa a ruwa. Yatsansa na gefe yana juyawa baya, tafin ƙafar kuma da kaushi, don haka santsin kifi ba ya hana shi riƙo. In ya tashi sai ya juya kan kifin gaba.

A yankin Zariya

Yana isowa Afirka ta Yamma daga Turai wajen Satumba zuwa Oktoba, bayan ya ƙetare Sahara, ya koma wajen Maris ko Afrilu. Ƙananan sukan yi shekara ɗaya ko biyu ba su koma ba. Ɗai-ɗai ake ganinsa a Najeriya. Buɗaɗɗen ruwa yake bi, irin Kogin Galma da madatsun Kubanni da Shika, inda karfasa ke tasowa sama.

Tarihi

A Turai ya sha wuya a hannun maharba da masu tara ƙwai. An fi cewa wajen 1916 ya daina haihuwa a Scotland, sai a 1954 ya dawo tafkin Loch Garten, inda daga baya aka riƙa gadin sheƙar dare da rana saboda ɓarayin ƙwai. A Ingila sai da aka kai 'ya'yansa tafkin Rutland Water daga 1996, suka hayayyafa a 2001. A Amurka kuwa maganin ƙwari DDT ne ya sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi, har aka hana amfani da shi a 1972.

Rabe-rabe

Wasu masana na ware na Ostireliya a matsayin jinsi daban, wasu ba su yarda ba.